KWALI BA YA BUGA GEM: KA DAINA SAYEN KATIN GIRAFIK DA IDO

Yau ba darasin danna nan ka shiga can zan kawo ba, faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ke zaune da wayarka kana kallon bidiyon buɗe kwali ɗaya bayan ɗaya kana lissafin ranar da za ka haɗa kwamfutar gem taka.

Abin da ya tunzura ni ga shi. Wani ƙanena ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya yi odar katin girafik ta intanet. Kaya ya iso cikin kwali mai sheƙi, da hoton wani jarumi riƙe da takobi, an rubuta GTX 1050 Ti 4GB da manyan baƙaƙe. Ya ɗauki hoto ya ɗora a sitatus, abokai suna ta taya murna. Da ya kawo min in saka masa, kafin ma in kunna na ga ramin VGA, shuɗin nan na tsofaffin monita, a bayan katin. Gabana ya faɗi, domin guntun da ke cikin katunan jerin GTX 10 ba ya fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Muka buɗe manhajar GPU-Z, sai ga kalmar FAKE a gaban sunan. Ashe tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010 aka sauya wa bayanan ciki yake amsa sunan da ba nasa ba. Na gaskiyar yana da ƙananan injinan lissafi 768, wannan 192 gare shi. Kwalin kuwa lafiya lau, har yanzu yana kan durowarsa.

Na tambaye shi me ya sa ya yarda ya biya. Ya ce wallahi Yaya kwalin ne ya yi kama da orijinal. To wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta wannan.

BUƊE KWALI BA SHARHI BA NE

Ka lura da yadda yawancin bidiyoyin nan suke. Minti goma ana juya kwali, ana karanta abin da aka buga a bayansa, ana ɓare leda a hankali, ana nuna fitilu masu canza launi, ana cewa kai wannan kaya ya haɗu. Sai a ƙarshe a kunna gem ɗaya na minti ɗaya, a ce ga shi yana tafiya sumul. An gama. Me ka koya? Ka ga kwali, ka ga fitila. Ba a faɗa maka wace kwamfuta aka saka shi ba, ba a faɗa maka a wane seti aka buga gem ɗin ba, ba a nuna maka zafin da ya yi bayan rabin awa ba.

Wanda ya karanta maka rubutun bayan kwali talla ya maimaita maka, domin sashen talla na kamfani ne ya rubuta shi. Kai kuma ka biya data ka kalla.

Kar ka ji na ce kwali ba shi da amfani. Yana da aikinsa: soso mai kauri da zai hana kati jijjiga a hanya, ledar da ke kare shi daga tartsatsin lantarkin jiki, da sitikar siriyal lamba wadda dole ta zo daidai da ta jikin katin idan maganar garanti ta taso. Waɗannan ukun su ne abin dubawa. Sauran, hoton dodo da zanen wuta da kalmomin GAMING da ULTRA da EXTREME, tawada ce a kan takarda. Duk mai injin buga takarda zai iya buga su.

SUNA ƊAYA, KAYA BIYU

Za ka ce ai wancan jabu ne, ni daga babban kamfani zan saya. To saurara, domin ko manyan ma sun sha sayar da kaya biyu da suna ɗaya, kuma duk abin da zan lissafa a rubuce yake, duniya ta sani.

GT 1030, katin da masu ƙaramin ƙarfi suka fi saya. Ya fito a 2017 da ma'adanar GDDR5. A 2018 aka fitar da wani da DDR4, sunan bai canza ba. Na farkon yana jigilar bayanai wajen gigabait 48 a daƙiƙa, na biyun bai kai 17 ba. A gem da yawa na biyun kusan rabin ƙarfin na farko yake bayarwa. Bambancin a kwali ƙananan haruffa ne a gefe, waɗanda in ba ka san da su ba ba za ka nema ba.

GTX 1060. Mutane sun ɗauka bambancin mai 3GB da mai 6GB yawan ma'adana ne kawai. A'a. Mai 6GB injinan lissafi 1280 gare shi, mai 3GB 1152. RTX 3050 ma haka: mai 8GB yana da 2560, mai 6GB da ya fito a 2024 yana da 2304, an kuma matse masa hanyar da bayanai ke bi daga bit 128 zuwa 96.

AMD ma ba ta tsira ba. Akwai RX 580 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin a 2018, wanda yanzu ya cika shafukan oda da araha. Ainihin RX 580 yana da 2304. Mai 2048 kuwa adadin RX 570 ne, sunan babban yayansa kawai aka ba shi.

A 2022 Nvidia ta sanar da RTX 4080 kala biyu: mai 16GB a dala 1199, da mai 12GB a dala 899. Da masu bincike suka duba, mai 16GB yana da 9728, mai 12GB yana da 7680, guntun cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya janye mai 12GB a watan Oktoba kafin ya shiga kasuwa. A Janairun 2023 sai ga shi ya dawo da suna RTX 4070 Ti a dala 799. Kaya ɗaya, an sauya kwali, an rage dala 100. Da mutane sun yi shiru suna yaba kwali, da an karɓe wannan ɗarin.

Kafin nan akwai GTX 970 na 2014, mai 4GB a rubuce. A farkon 2015 aka gano 3.5GB ne ke gudu da cikakken sauri, ragowar rabin gigabait ɗin tafiyar hawainiya yake. Maganar ta kai kotu a Amurka, a 2016 aka sasanta kan biyan dala 30 ga kowane mai saye a can. Kai da ke nan, wa zai biya ka?

Na baya-bayan nan, a Fabrairun 2025 aka gano wasu RTX 5090, katin dala 1999, sun fito da sassan zana hoto da ake kira ROP guda 168 maimakon 176. Kamfanin ya amsa, ya ce abin ya shafi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na katunan, kuma yana rage ƙarfi da wajen kashi 4. Da me aka gano? Da GPU-Z, manhajar kyauta. Kwalin mai 168 da na mai 176 ba su da maraba ko ta ɗigo ɗaya.

ABIN DA KE CIKIN KWALIN DA YA KAMATA KA TSAYA A KAI

Masu bidiyo sun fi ɓata lokaci kan sitika da katin godiya da ɗan maɓallin rataye makulli. Abin da zai iya ƙona maka kaya kuwa, wato kebul ɗin wuta, sai su ɗaga shi su ajiye a daƙiƙa biyu.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ramin da ake soka kati a madabod yana ba da wat 75. Fulogi mai fil 6 yana ƙara 75. Mai fil 8 yana ƙara 150. Sabon fulogi mai fil 16, wanda ake kira 12VHPWR, an tsara shi ya ɗauki har wat 600 ta ɗan ƙaramin kai.

RTX 4090 ya fito a Oktoban 2022 a dala 1599, yana cin wat 450, kuma a kwalinsa akwai adaftar da ke haɗa fulogi masu fil 8 guda uku ko huɗu su koma mai fil 16. Ba a yi wata guda ba hotunan fulogin da ya narke suka fara yawo. A Nuwamba Nvidia ta ce ta san da kimanin guda 50 a duniya, kuma abin da ta fi gani shi ne ba a tura fulogin ya shige har ƙarshe ba. Eh, akwai sakacin mai sakawa. Amma fulogin da ɗan rata kaɗan zai sa ya narke, akwai magana a tsarinsa, shi ya sa a 2023 aka gyara shi aka fito da 12V-2x6, wanda ba ya barin kati ya ja cikakkiyar wuta in bai zauna daidai ba. A farkon 2024 kuma kamfanin CableMod ya janye adaftocinsa masu lanƙwasa sama da dubu 25 a Amurka saboda haɗarin zafi. Ka ga abin da mai bidiyo ya ajiye a gefe shi ne ya fi komai muhimmanci a kwalin.

Namu na nan ya fi wannan sauƙin faruwa. Ka sayi kati na hannu, akwatin wutar kwamfutarka, wato PSU, ba shi da fulogi mai fil 8, sai mai shago ya miƙo maka 'yar adafta da ke cirowa daga fulogin SATA, ya ce kyauta ce. Fulogin SATA wat 54 aka tsara masa a layin bolt 12. Kai kuma za ka ja 150 ta cikinsa. Wannan kyautar gobara ce a leda. Idan PSU ɗinka ba shi da fulogin da katin ke nema, amsar ita ce PSU ɗin bai isa ba, ka canza shi ko ka sayi kati daidai da shi.

Sai sandar tallafe. Manyan katunan yanzu sun kai kilo 2, wasu tsawonsu ya haura santimita 35. In ba a tokare su ba, nauyin yana rinjayar ramin madabod a hankali. Wannan ɗan ƙarfen ya fi fitilu amfani nesa ba kusa ba. Kuma kafin ka biya, ɗauki tef ka auna cikin akwatin kwamfutarka. Mutane nawa suka kawo kati gida murfi ya ƙi rufuwa?

JADAWALIN KAMFANI BA GWAJI BA NE

A Janairun 2025, a bikin baje kolin CES da ake yi a Las Vegas, shugaban Nvidia Jensen Huang ya tsaya a gaban duniya ya gabatar da RTX 5070 na dala 549 a matsayin mai ƙarfin RTX 4090. Shafuka suka ɗauka, ciki har da na Hausa, ana ta yaɗawa. To duba lambobin: 4090 injinan lissafi 16384 da ma'adana 24GB, 5070 kuwa 6144 da 12GB. Ta yaya?

Sirrin shi ne fasahar DLSS 4, wadda ke sa katin ya zana hoto ɗaya na gaske, sannan ƙirƙirarriyar basira ta cike har guda uku a tsakani. Lambar FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, sai ta yi sama. Fasahar tana da amfaninta, motsi yana ƙara santsi a ido, ban musa ba. Amma gem ɗin yana amsa danna maɓallinka ne a kan hotunan gaske kawai. In na gasken 30 ne a daƙiƙa, ko allo ya nuna 120, hannunka zai ji nauyin 30. Sannan ba kowane gem ke da fasahar ba. Da masu gwaji masu zaman kansu suka kashe ta suka auna a watan Maris, 5070 ko kusa da 4090 bai je ba.

Haka tambarin OC da ake ƙara wa kuɗi saboda shi. Sau da yawa ƙarin bai wuce kashi 2 ko 3 ba. Gem mai ba ka 60 zai koma 62. Rantse za ka iya gane bambancin da idonka? A 2016 ma an kama cewa wasu katunan GTX 1070 da 1080 da MSI da ASUS suka aika wa masu sharhi an saita su a gudu sama da yadda na kanti ke fitowa daga kwali. Bambancin kaɗan ne, amma ya nuna maka cewa ko katin da ke hannun mai sharhi sai an sa masa ido.

To mene ne gwaji na gaskiya? Mai gwajin kirki zai faɗa maka furosesa da RAM ɗin da ya yi amfani da su, domin kati mai ƙarfi a kan raunanan furosesa ba ya nuna kansa. Zai faɗi girman hoto, 1080p ne ko 1440p ko 4K, da setin da ya zaɓa. Zai gwada gem da yawa, ya jera katin da wasu masu kusan farashinsa. Zai raba sakamakon da aka kunna DLSS ko FSR da wanda aka kashe. Zai nuna zafi, da ƙarar fanka, da wutar da ake ci.

Kuma zai nuna maka abin da ake kira 1% low, wato gudun da gem ke faɗawa a mafi munin lokutansa. Wannan ita ce lambar da masu talla ba sa so. A FPS 60, kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 17. In ɗaya ya maƙale ya ɗauki 100, matsakaicin lissafi ba zai nuna ba, amma kai za ka ji shi, daidai lokacin da za ka buga ƙwallo a raga ko abokin gaba ya ɓullo. Katin da matsakaicinsa 90 ne amma yana faɗuwa 25 bai kai mai 70 da ba ya sauka ƙasa da 55 daɗin wasa ba.

KAI MAI WAYA, KAR KA CE BA RUWANKA

Na san da yawanku ba ku da niyyar sayen katin girafik bana. Amma wasan ɗaya ne a waya. A 2013 aka gano Galaxy S4 tana ƙara gudun GPU ɗinta idan ta gane manhajar gwaji aka buɗe. A 2018 masu 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei, ciki har da P20 Pro, daga jadawalinsu kan irin wannan. A 2022 Geekbench ta cire jerin Galaxy S10 zuwa S22 saboda manhajar da ke rage gudun gem amma ta ƙyale manhajojin gwaji. Don haka in mai shago ya nuna maka makin AnTuTu a kwali ko a fosta, ka ce ya ba ka ka buga PUBG ko Call of Duty na minti ashirin ka ji bayan wayar.

ZAFINMU DA WUTARMU BA IRIN NASU BA NE

Ko gwajin gaskiyar ma, yawanci a ɗaki mai sanyi ake yin sa, digiri ashirin da 'yan kai. Kai kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi yana haura 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kati yana rage gudun kansa da kansa idan ya yi zafi, yawancin na Nvidia daga wajen digiri 83. Wanda ya tsaya a 70 a ɗakin mai sharhi zai iya kai wa wannan iyakar a ɗakinka. Saboda haka a wurinmu girman ƙarfen sanyaya da ingancin fanka sun fi tambarin OC daraja.

Sai wuta. Nvidia da kanta PSU mai wat 850 ta ba da shawara ga 4090, mai 1000 ga 5090. Ɗan janareton nan irin na masu cajin waya ko wat 1000 ba ya kaiwa. In da inbata da batir kake, kati mai cin wat 115 kamar RTX 4060 zai ba ka awannin da mai cin 450 ba zai ba ka ba. Babu kwalin da zai yi maka wannan lissafin.

IN KA JE SAYE

Wani zai ce, malam duk wannan na masu kuɗi ne, mu na hannu muke saya, ko kwali babu. To kai ne ma ka fi kowa buƙatar gwaji. Tun da Ethereum ta daina haƙo da katin girafik a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu da ma'adanarsu sun gaji. An wanke su, wasu ma an sa su a sabon kwali. Ba a cinikin biri a sama, don haka ga abin yi:

1. Sauke GPU-Z ka ajiye a filashi ko a wayarka. Ƙarama ce, ba sai an girka ta ba.

2. Kafin ka fita, nemo ainihin lambobin katin da kake so: yawan injinan lissafi, nau'in ma'adana, faɗin bit, yawan ROP. Ɗauki hotonsu a waya.

3. A shago, a saka katin a kwamfuta a gabanka. Gwada abin da GPU-Z ta nuna da abin da ke wayarka, layi bayan layi.

4. A kunna Unigine Superposition ko 3DMark Time Spy ko wani gem mai nauyi, a bar shi aƙalla minti 20. Minti biyu ba ya nuna komai, sai kati ya ɗumama aibinsa ke fita.

5. Sa ido kan allo: ɗige-ɗige masu launi, layuka, ɗaukewar hoto. Saurari fanka. Duba zafi. Duba bakin fulogin wuta ko akwai alamar ƙuna.

6. Siriyal lambar kati ta dace da ta kwali da ta risit. A rubuta maka kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Mai shagon da ya ce ba ya buɗewa sai ka biya, ko ya ce babu wuta, ko ya ce ai ga kwalinsa nan sabo fil, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron minti ashirin.

Ku kuma 'yan uwana masu shafuka da tashoshi, mu ji tsoron haƙƙin masu bin mu. In kwali kawai ka buɗe, ka ce buɗe kwali ne, kar ka kira shi sharhi. In kamfani ko shago ne ya ba ka kayan, ka faɗa. Yaron da ke kallonka kuɗin wata shida zai zuba a kan maganarka.

Ƙanena dai ya sake tara wasu kuɗin. Wannan karon da filashi a aljihu ya tafi, ya dawo da kati a cikin baƙar leda ba kwali, kuma yana aiki har yau.

In akwai katin da kake shirin saya, rubuta cikakken sunansa da PSU ɗinka a ƙasa, mu duba tare kafin ka biya. Ka kuma tura wa abokin nan naka da ke ta aiko maka bidiyon buɗe kwali.